Loda kayan gida a motar haya: me ke fara shiga, kuma nawa motar za ta iya ɗauka?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lodi. A ƙarshen watan nan za mu tashi daga gidan da muke ciki zuwa wani gari, tafiyar kusan kilomita 300, kuma na yanke shawarar ɗaukar hayar motar kaya mai rufaffen bodi in tuƙa da kaina, maimakon in danƙa aikin ga kamfanin kwashe kaya. Mu uku ne za mu yi lodin, ni da ƙanena da wani maƙwabcina. Kayan su ne firij mai ƙofa biyu, injin wanki, murhun girki, gadaje uku da katifunsu, kujerun falo, sif biyu, talabijin, babban madubi, ƙaramin janareta, tukwanen gas biyu, sai kwalaye 40 waɗanda 25 daga cikinsu littattafai ne.

Abin da na tsara shi ne mu fara jera kwalayen a can ƙuryar motar tunda suna hawa kan juna kamar bulo, sannan mu bar firij da injin wanki da sauran manyan kaya a bakin ƙofa, domin kada mu sha wahalar jan su zuwa ciki, kuma idan mun isa su za mu fara saukewa tun muna da sauran ƙarfi. Na auna bodin motar da tef, na tabbatar komai zai shiga har wuri ya ragu. Ko akwai abin da na manta?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Abu Safwan, Allah Ya sa ƙaurar ta zama alheri. Na daɗe ina jan motar kaya kafin in ajiye, saboda haka zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba cewa tsarin nan naka yana buƙatar gyara. Kaya masu nauyi su ne suke fara shiga, a jingina su da bangon gaba, wato wanda ke bayan kujerar direba, a zaunar da su a ƙasa, a kuma raba nauyinsu tsakanin dama da hagu. Idan firij ya zauna a dama, injin wanki da murhu su zauna a hagu. Kwalayen littattafanka ma cikin masu nauyi suke, don haka ba ka yi kuskure ba da ka nufa da su ƙurya, sai dai a shimfiɗa su a ƙasa, kada a gina su hasumiya har rufi.

Babban haɗarin da sabon hannu ke jefa kansa a ciki shi ne tara nauyi a bayan tayoyin baya. Mota takan koma kamar sikeli mai kwano biyu, baya ya danne, gaba ya yi sakayau. Za ka ji sitiyari ya yi laushi a hannunka, ka murɗa shi a kwana amma motar ta yi nawa wajen bin ka, idan kuma ruwan sama ya jiƙa titi abin ya ƙara muni. Wahalar tura firij zuwa ƙurya ba ta wuce ta minti goma ba, ita kuwa mota mai rawar gaba kilomita 300 za ka yi kana fama da ita.

Sai kuma tambaya ɗaya. Ka ce ka auna bodi da tef. Nauyin kayan fa, ka lissafa shi?

Abu Safwan:
Na gode, Baba. Gaskiya ban lissafa ba. Na ɗauka cewa tunda motar ta ɗaukar kaya ce, kuma kayan gida ne ba siminti ba, duk abin da ya shiga cikinta za ta iya ɗauka.

Malamin Kimiyya:
Tambayar da Baba ya yi ita ce zuciyar maganar, kuma ina ganin ta fi tsarin jeri muhimmanci. Kowace mota tana da ɗan allo ko takarda da kamfanin da ya ƙera ta ya liƙa, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ta fasinja, inda aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai gaba ɗaya. Wannan adadi ya haɗa da ita kanta motar, da man da ke tankinta, da mutanen da ke zaune a gaba, da kayan. A ƙarƙashinsa akan rubuta iyakar abin da tayoyin gaba za su ɗauka, da na tayoyin baya, kowanne daban. Idan ka cire nauyin motar tana wofi daga babban adadin, abin da ya rage shi ne haƙƙinka.

A ƙasashen Turai da Birtaniya, lasisin ƙaramar mota yana ba mutum damar tuƙa abin da bai wuce kilo 3,500 ba, shi ya sa yawancin motocin kaya da ake ba kowa haya a can suke tsayawa a daidai wannan adadi. A Amurka iyakar ta fi haka nisa, domin sai mota ta haura fam 26,000, kusan kilo 11,800, ake neman lasisin direban kasuwanci. Matsalar mota mai kilo 3,500 ita ce bodinta yana da faɗi, amma ita kanta ta cinye fiye da tan biyu na adadin, ya zama abin da ya rage wa kaya bai cika wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Idan tana da injin ɗaga kaya a bayanta, shi ma nauyinsa daga rabonka ake cire shi.

Bari mu yi ƙiyasi da kayanka, Abu Safwan. Kwalin littattafai matsakaici mu ce kilo 18, guda 25 sun ba da kilo 450. Sauran kwalaye 15 a kilo 10 sun ba da 150. Firij mai ƙofa biyu mu ba shi 100, injin wanki 70, murhu 50, janareta 40. Gadaje uku da katifu mu ce 200, kujeru 120, sif biyu 140. Jimla ta kai kilo 1,320, ban sa talabijin da madubi da tukwanen gas ba. Ku uku kuma idan kun zauna a gaba kun ƙara fiye da kilo 200. Ka je ka duba allon motar da za a ba ka, ko ka tambayi masu hayar su faɗa maka adadin a rubuce.

Abu Safwan:
Malam, na kira su. Iyakar motar kilo 3,500 ce, kuma sun ce abin da za ta ɗauka har da mutane kilo 1,150 ne. Ke nan bisa lissafinka na haura da kusan kilo 400, alhali a idona bodin ko cika ba zai yi ba. Lasisina kuma bai ba ni damar tuƙa wadda ta fi ta girma ba.

Abban Iman:
Ni dai ina ganin ana tsananta abin. Masu ƙera mota ba sa rubuta ainihin ƙarshen ƙarfinta a allo, suna barin rara mai yawa, kuma kowa ya sha ganin motoci ɗauke da ninkin abin da aka rubuta musu suna tafiya lafiya. Na yi ƙaura sau biyu da motar haya, ban taɓa lissafa kilo ba, ban kuma ɗaure komai ba. Dabarar kawai ita ce a cusa kayan su matse juna sosai yadda babu inda za su motsa. Idan Abu Safwan ya tafi a hankali, kilo 400 ba za su hana shi isa ba.

Tsohon Direba:
Abban Iman, ka isa lafiya sau biyu, mun gode wa Allah, amma isa lafiya ba ta nuna cewa lodin daidai yake, ta nuna ne kawai ba ka gamu da abin da zai gwada shi ba. Mota mai lodin da ya wuce ƙima tana tafiya sumul a miƙaƙƙen titi. Ranar da yaro ya faɗo titi ko wata mota ta ci birki a gabanka, ranar ce za ka san bambanci, domin birkin an yi shi ne daidai da nauyin da ke allon. Tayar da aka danne fiye da ƙarfinta tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke fasa taya a doguwar tafiya. A gangara mai tsawo birki yakan yi zafi har ka taka ka ji kamar soso ka taka.

Akwai kuma ɓangaren doka. A ƙasashe da yawa, idan aka tsayar da mota aka auna ta aka samu ta haura, direban da ke riƙe da sitiyari ake ci tara, kuma ana iya hana shi ci gaba sai ya sauke rarar a nan bakin hanya. Idan hatsari ya auku, masu inshora suna iya fakewa da lodin su ƙi biya. Shawarata ga Abu Safwan ita ce ya raba kayan gida biyu, ko ya yi sawu biyu, ko littattafan su bi wata motar.

Malamin Kimiyya:
Zan ɗauki rabin maganar Abban Iman in yarda da shi. Matse kaya yadda babu gurbi a tsakaninsu dabara ce ta gaske, kuma ƙwararru suna amfani da ita. Inda na saɓa masa shi ne cewa matsi ba ya maye gurbin ɗauri, musamman ga wanda motarsa ba za ta cika ba, kamar Abu Safwan, domin layin ƙarshe na kayan ba shi da abin da zai jingina da shi ta baya.

Ƙa'idojin ɗaure kaya na Turai da na Amurka sun haɗu a kan adadi ɗaya. Dole ɗaurin ya iya riƙe turin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya zuwa gaba, wanda shi ke faruwa a birki mai ƙarfi, da kashi 50 cikin 100 zuwa gefe a kwana, da kashi 50 zuwa baya. Ma'ana, firij mai kilo 100 yana tura abin da ke gabansa da ƙarfin kilo 80 idan ka danne birki. Mutane suna zaton abu mai nauyi nauyinsa zai riƙe shi a wuri ɗaya, amma a kan daɓe mai santsi gugar da ke tsakanin kaya da ƙasa wani lokaci ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin ba, kuma wasu firij ɗin ma ƙananan tayoyi gare su a ƙasa. Idan kuma akwai tazarar mita ɗaya a gabansa, kafin ya cinye ta ya riga ya tara gudu, sai turin ya koma duka. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake manna kaya da bangon gaba ba tare da barin gurbi ba.

Game da abin ɗauri, a nemi bel mai faɗi mai ƙarfen tamkewa a jikinsa, irin wanda ake ja ana jin yana ƙas-ƙas. Kowanne yana da ɗan ƙyalle da aka rubuta ƙarfinsa, kuma adadin aikin yau da kullum ake dubawa, ba adadin da bel ɗin ke tsinkewa ba. Igiyar roba mai ƙugiya ba ta riƙe kaya mai nauyi, miƙewa take yi, idan kuma ta kufce tana iya tsone wa mutum ido. A ɗaura bel a ƙarafan ɗauri da ke jikin bangon motar ko zobban da ke ƙasa, a riƙa ɗaurewa layi-layi, wato a jera kaya daga bango zuwa bango, a ɗaure, sannan a fara sabon layi.

Ƙarin bayani kan sikelin da Baba ya ambata: idan tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, ka ajiye kilo 200 mita ɗaya a bayan tayoyin baya, ka rage wa tayoyin gaba kilo 50, ka ɗora wa na baya kilo 250. Amma kada a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, domin tayoyin gaba ma suna da iyakarsu. Wurin da ya fi dacewa da nauyi shi ne tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Ummu Nabila:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan da sha'awa, domin abin da Malam ya kwatanta da lissafi ni na gan shi da idona. Shekarun baya da muka yi ƙaura, maigidana da abokansa sun yi lodi irin wanda Abban Iman ya bayyana, suka cusa komai, suka ja ƙofar ta rufu da ƙyar. A hanya babu abin da ya faru sai birki ɗaya mai ƙarfi a wata mahaɗa, muka ji wani gum daga baya, muka ce ba komai. Da muka isa, ƙofar ta ƙi buɗewa. Ashe da motar ta hau wani tudu kayan sun zamo baya, sif ya kwanta a jikin ƙofar daga ciki. Maigidan ya sa kafaɗa ya finciko ta da ƙarfi, sai sif ɗin ya biyo ƙofar ya sauko. Allah Ya taƙaita ya yi tsalle gefe, gefen katakon ya daki ƙafarsa kawai, amma ya yi mako biyu yana ɗingishi. Wancan gum ɗin da muka ji kuwa injin wanki ne ya zame ya soke katifa ya fasa madubin da muka ɓoye a bayanta.

Tun daga ranar, darussa biyu ba sa barin raina. Na farko, layin ƙarshe da ke fuskantar ƙofa a gicciya masa bel biyu, ko a tare shi da katifa a tsaye sannan a ɗaure. Na biyu, mai buɗe ƙofa ya tsaya a gefe, ya buɗe kaɗan ya leƙa, kuma kada yaro ya kasance a bayan motar a wannan lokaci.

Ga kuma abin da na koya game da kayan da ke fashewa. Madubi da gilashin tebur da talabijin a tsaye ake ajiye su a kan gefensu, a naɗe da bargo, a sa su tsakanin katifu biyu ko tsakanin katifa da bango. Idan aka kwantar da su, tsakiyarsu ba ta da madogara, gargadar hanya kaɗai ta isa ta tsaga su. Faranti ma a kan gefensu ake jera su cikin kwali. Takardu masu muhimmanci da magunguna da makullan sabon gida su zauna tare da ku a gaba, kada su shiga bodi ko kaɗan.

Mai Gyaran Firij:
Tunda an taɓo ɓangarena, bari in sa baki. Firij a tsaye ake ɗaukar sa. A cikin kwamfiresa, wato injin da ke tura iskar sanyi, akwai mai, idan aka kwantar da firij man yana iya gangarawa cikin bututun da iskar sanyi ke bi, idan kuma aka kunna shi a haka kwamfiresa za ta yi aiki babu isasshen mai, ko bututun ya toshe. A kashe shi kwana ɗaya kafin tafiya domin ƙanƙarar ta narke, a goge ruwan, a fitar da allunan gilashin da ke ciki a naɗe su daban, a ɗaure ƙofofin. Idan an isa a bar shi a tsaye na 'yan awoyi kafin a sa masa wuta, idan kuwa dole ta sa an kwantar da shi, ni nakan ce a ba shi kwana guda. Wajen ɗaurewa a sa kwali ko bargo tsakanin bel da kusurwar firij ɗin, kuma kada a tamke har jikinsa ya lotsa.

Injin wanki kuma, abin da ya sa yake da nauyi haka shi ne tubalan kankare da ake sa masa a ciki domin kada ya riƙa tsalle lokacin matse kaya. Gangar da ke cikinsa a rataye take a kan sifirin. Sabon inji mai ƙofa a gaba yana zuwa da dogayen notuna uku ko huɗu a bayansa masu riƙe gangar, waɗanda ake kwancewa kafin a fara aiki da shi. Idan ka adana su, Abu Safwan, ka mayar da su kafin tafiya, kuma kada ka manta ka sake cire su kafin wankin farko. A zubar da ruwan da ya kwanta a tiyo da matatar ƙasa, in ba haka ba zai tsiyaye a kan kwalayen littattafanka.

Abban Iman:
To, na karɓi maganar ɗauri bayan labarin Ummu Nabila, Allah Ya ƙara kiyayewa. Amma ga wata mafita mai sauƙi: tunda su uku ne, me zai hana ɗaya ya zauna a baya tare da kayan yana lura da su, idan wani abu ya fara zamewa ya tare?

Tsohon Direba:
A'a, ɗana, wannan kam ko da wasa. Mutumin da zai tare firij mai turin kilo 80 a cikin duhu, a motar da ke cin birki, shi kansa kaya ne da ba a ɗaure ba. Rufaffen bodi ba shi da kujera, ba shi da bel, ba shi da isasshiyar iska, yana ɗaukar zafi, yawancin ƙofofinsa ba sa buɗuwa daga ciki, kuma hayaƙin salansa yana iya shiga, alhali gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle mutum ya farga. Dabba ma ba a saka ta a ciki.

Wannan ya tuna mini da tukwanen gas da janareta da ke cikin jerin Abu Safwan, waɗanda har yanzu ba wanda ya yi magana a kansu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a rufaffen wuri a ƙasa yake taruwa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Yawancin masu ba da hayar mota sun hana ɗaukar sa a cikin yarjejeniyarsu, ka karanta taka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka rabu da tukwanen kafin tafiya, ko a kai su a buɗaɗɗiyar mota, a tsaye, a ɗaure, bakinsu a rufe. Janareta kuma a tsiyaye fetur ɗinsa tas, a kunna shi ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa, a bar shi ya huce. Fenti da kananzir da sinadaran wanke-wanke masu ƙarfi su ma ba wurinsu ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kowa yana maganar hanya, amma a wurin aikina waɗanda nake gani sun fi jin ciwo ne tun motar tana tsaye. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka tana ɗaukar kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga, shi ma idan komai ya daidaita, wato kayan yana kusa da jiki, ba a sunkuya sosai ba, ba a murɗa ƙugu ba. Ranar ƙaura kuwa mutum yana ɗagawa sau ɗari, daga ƙasa, a gajiye. Saboda haka littattafai a ƙananan kwalaye ake zuba su, manyan kwalaye na matashin kai ne da tufafi. A durƙusa da gwiwa a ɗaga da ƙarfin cinya, idan za a juya a juya da ƙafafu.

Ku nemi keken dako mai taya biyu, ku ɗaure firij a jikinsa. A kan gangaren hawa motar, mai riƙe da keken shi ke sama yana ja da baya, kuma kada wani ya tsaya kai tsaye a ƙarƙashin kayan da nufin tarewa, ya tsaya ta gefe yana taimakawa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. Ku sa takalmi mai rufe yatsu da safar hannu, ku goge gangaren idan ya jiƙe. Kafin a fara komai a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a kashe inji, idan wurin yana da ɗan gangara a sa wa taya waigi.

Tsohon Direba:
Hajiya ta yi gaskiya. Saura tuƙin. Ka tambayi tsayin motar ka rubuta a takarda ka liƙa a gabanka, domin irin waɗannan motoci sukan kai mita 3 ko fiye, kuma wanda ya saba da ƙaramar mota ba ya tuna rufin sai ya ji ƙarar gada ko rumfa ko reshen bishiya. Ka kuma bincika ko inshorar hayar ta haɗa da rufin, domin sau da yawa ana cire shi. Madubin tsakiya ba ya nuna maka komai, da na gefe za ka yi aiki, idan za ka yi ribas ƙanenka ya sauka ya tsaya inda kake hango shi a madubi, da zarar ya ɓace maka ka tsaya. A kwana ka buɗe sosai, domin tayar baya tana yanke hanya.

Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka. Idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. A doguwar gangara ka sauko da giya maimakon ka kwanta a kan birki. Dokar Amurka ta wajabta wa direbobin kaya su duba ɗauri a cikin mil 50 na farko, kimanin kilomita 80, ni kuwa na fi son a tsaya tun bayan rabin awa, domin bel yakan saki da zarar kaya sun zauna.

Abu Safwan:
'Yan'uwa, alhamdu lillahi mun isa lafiya jiya da yamma, na ga ya kamata in dawo da bayani. Na ɗauki hayar ƙaramar motar kaya ta biyu, ƙanena ya tuƙa ta da kwalayen littattafai 25 a shimfiɗe a ƙasa. Tukwanen gas na mayar wa mai sayarwa. A babbar motar firij ya zauna a ƙuryar dama, injin wanki da murhu a hagu, sif biyun muka kwance su muka jingina allunan da bango, katifu a tsaye da madubi da talabijin a tsakaninsu. Mun yi amfani da bel takwas. Notunan injin wanki ban same su ba, sai muka cusa tsohon bargo muka tokare gangar gwargwadon iko.

A hanyar fita mun biya ta ma'aunin motoci, ni da maƙwabcina muna ciki, sikeli ya nuna kilo 3,380, gaba da baya kowanne yana ƙasa da iyakarsa. Da muka tsaya bayan rabin awa kamar yadda Baba ya ce, bel ɗin da ke riƙe da kujeru ya saki har hannuna yana shiga ƙarƙashinsa, muka sake tamke shi. Abu ɗaya ne ya lalace, ƙafar wani ƙaramin tebur da na cusa a ƙarshe ban naɗe ta ba, ta goge fentin ƙofar firij.

Mai Gyaran Firij:
Barka da isowa, Abu Safwan. Tunda babu notunan, kafin ka zuba wanki ka cire bargon, ka tura gangar da hannu ka ji ko tana lilo daidai ba ta bugun jiki, sannan ka kunna injin babu kaya a ciki ka saurare shi lokacin matsewa. Idan ka ji ƙwanƙwasa, ka kashe ka kira mai gyara ya duba sifirin ɗin.